Filin Tambaya da Amsa: Gaban Mota Na Rawa, Shok Ɗin Sitiyari Zan Canza?

Tambaya: Salam Malam, ina da Land Cruiser ƙirar 80 wadda nake shiga daji da ita, kwanaki na sa aka ɗaga min ita aka saka manyan tayoyi. To tun lokacin in ina gudu kamar 80 na taka rami ko gargada sai gaban motar ya kama rawa, sitiyari na fizga dama da hagu kamar zai ƙwace, kuma ba ya dainawa sai na kusa tsayawa. Bakanike ya ce in sayo shok ɗin sitiyari babba, ko ma guda biyu. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Gaskiya kar ka sayi komai tukuna. Shok ɗin sitiyari aikinsa ya tare bugun da dutse ko rami ke aikowa hannunka, ba shi ke haddasa wannan rawar ba kuma ba ya warkar da ita, sabo mai ƙarfi zai iya danne ta na ɗan lokaci kamar yadda maganin ciwon kai ke ɓoye zazzaɓi, amma abin da ya lalace yana nan yana ƙara cinyewa, ranar da ta dawo kuma za ta dawo da ƙarfi fiye da da. Motar da gabanta ke lafiya ko an cire mata shok ɗin gaba ɗaya ba za ta yi wannan rawar ba.

Matsalar ta motoci masu aksil ɗaya sandararre ce a gaba, irin taka, da tsofaffin ƙirar Patrol da Defender, da Jimny, da Jeep Wrangler. Tunda tayoyin biyu suna kan ƙarfe ɗaya, in ɗaya ta ci karo sai ta tura wa ɗayar, ita ma ta maido, in akwai sako-sako ko kaɗan a wani wuri sai abin ya zama kai-komo mai ciyar da kansa. Ka bambanta ta da karkarwar rashin balansin, ita waccan tana zuwa a wani gudu ne, ka ƙara ko ka rage ta ɓace. Taka kuwa ka ce sai ka kusa tsayawa, to ita ce mai haɗarin.

Ga abin da za ku yi kai da bakaniken, kuma ba ya buƙatar wata na'ura. A bar motar a ƙasa da nauyinta, kar a ɗaga, wani ya zauna ciki yana kaɗa sitiyari dama da hagu kaɗan-kaɗan ba tsayawa, kai kuma ka leƙa ƙasa ka bi kowace gaɓa da ido, ka ɗora hannu ma, don wani motsin hannu ke jin sa kafin ido ya gani. Ka fara da sandar nan da ta ratsa daga shasi zuwa aksil, wadda ke hana aksil ɗin zamewa gefe. Ita ce ta farko a zargi. Bushin ɗinta ya mutu, ko noti ya saki, ko ramin da kusar ke shiga ya faɗaɗa ya daina zama zagaye, wanda shi ne ake yawan tsallakewa saboda in an ɗaure da sifana sai a ga kamar ya kama. Daga nan sai kawunan tayarod da sandar da ta sauko daga akwatin sitiyari, sai bushin na hannayen da ke riƙe aksil. Bayan haka a ɗaga taya da jak, a kama ta sama da ƙasa a girgiza, in ta yi ƙwas-ƙwas to boris ɗin taya ne ko na kinfin, wato gaɓar da taya ke juyawa a kanta in an murɗa sitiyari. Ƙirar 80 ba boljoyin ne da ita a wurin ba, boris ne sama da ƙasa da ake matsewa da siraran faranti, in matsin ya ragu taya sai ta riƙa juyawa ba wani riƙo, kuma wallahi wannan kaɗai ya isa ya kawo rawa.

Sai maganar ɗagawar da ka yi, wadda ni ita na fi zargi tunda ka ce bayan ta abin ya fara. In aka ɗaga mota mai irin wannan aksil, yana ɗan murɗawa, kwanciyar da kinfin ke yi baya ta ragu, abin da masu alaimen ke kira kasta. Shi ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana, in ya yi ƙasa motar sai ta riƙa yawo a titi. Ana gyara shi da bushin na musamman ko faranti ko a canza hannayen, ka je wurin alaimen su auna su ba ka lambar ka gwada da ta kamfani. Manyan tayoyin ma a yi musu balansin, a wanke busasshen taɓon da ke maƙale cikin rim, a duba iska. Kuma duk notin da ke kan bushin a ɗaure shi motar na ƙasa, in aka ɗaure tana rataye roba na murɗewa ta mutu da wuri.

Kafin a gyara don Allah ka rage hawa babban titi da ita. In ta kama ka a hanya ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka saki totur, ka rage gudu a hankali ka gangara gefe, kar ka danna birki da ƙarfi lokaci ɗaya, kar kuma ka ce za ka ƙara wuta ka wuce ta.

Tambaya: Ni tawa ba ta rawa, amma shok ɗin sitiyarin ya fara yoyon mai. Wane iri ya kamata in saka, kuma shok ɗin taya zai yi?

Amsa: Na taya ba zai yi ba Alhaji, ko da tsawon ya zo ɗaya. Shi na sitiyari an yi shi ne ya riƙe daidai wa daida in an tura da in an ja, kuma ya yi aiki a kwance, na taya kuwa riƙonsa ba ɗaya ba ne. Tunda naka na yoyo canza shi, in ka cire ka gwada da hannu za ka ji wani wurin yana wucewa fayau ba riƙo.

In tayoyinka na asali ne ko sun ɗan fi kaɗan, shok mai aiki da mai zalla irin na kamfani ya wadatar, kar ka wahalar da kanka. Mai gas yana jure zafi in ana doguwar tafiya a gargada, amma gas ɗin na tura sandar waje kullum, shi ya sa wasu ke saka shi sai su ji mota na ja gefe ɗaya su yi ta zargin alaimen. Akwai wanda sandarsa ta ratsa ta fita ta ɗaya bakin, irin wanda Fox ke yi, shi ba ya turawa ko ina. Bilstein da Old Man Emu ma suna yin nasu na motoci daban-daban, ka nemi wanda aka yi wa ƙirar motarka. Guda biyu kuwa ni ban cika son su ba sai ga mai tayoyi manya sosai, suna sa sitiyari nauyi, famfon fawa ya riƙa shan wahala, kuma suna ɓoye lalacewar da ya kamata ka ji da wuri.

Bayan an ɗaura, a juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu a tabbatar shok ɗin bai ƙure ba kafin tayar ta gama juyawa, kuma bai goga komai ba. In inda yake zaune ya yi ƙasa sosai kuma kana hawa duwatsu, ka nemi maƙalar da za ta ɗaga shi sama, don gwangwanin shok ɗin in ya lotsa sitiyari na iya cijewa.