Ga ɗan'uwan da ke son sayen fili a ƙauyen matarsa a tsibirin Jawa, ƙasar Indonesiya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun daren jiya na ga tambayarka, na fara rubutu na goge har sau biyu, don abin ya fama min tsohon miki. Ka ce kun gaji da hayar Jakarta, yayan matarka ya samo muku fili a ƙauyensu cikin Jawa ta Tsakiya, kusa da gonakin shinkafa, farashi da sauƙi, kana tambaya ko ƙauye akwai tsaro, kuma ko ka tura kuɗin. Wallahi kamar ni na rubuta ta a 2015. Hatta yayan matar yana nan a wurinsa.

Maganar ɓarayi, kwantar da hankalinka. Na zauna a wani ƙauye a yankin Klaten, tsakanin Yogyakarta da Solo, ban taɓa kwana da fargaba ba. Kowane dare maza suna fita ronda, wato sintirin dare, a taru a rumfar gadi da shayi da sigari, a zaga gida-gida ana kwashe jimpitan, 'yan tsabar kuɗin nan ko shinkafar da ake sawa a ƙaramin gwangwani a bakin ƙofa. Da an ga baƙuwar fuska an san baƙuwa ce. Abin da ake sata babur ne da kaji, wani lokaci akuya. Ka sa wa babur kwaɗo biyu, shi ke nan. Idan ka ji an buga kentongan, gangar katakon nan ta gangami, ana ihun "maling", wato ɓarawo, kada ka fita da gudu kana bin mutane a cikin duhu, kai baƙo ne kuma baƙar fata, taro ba ya tambayar suna kafin duka.

Ɓarawon da ya yi min ta'adi ba ta katanga ya shigo ba. A kan tabarmata ya zauna, ya ci abincina, 'ya'yana suna ce masa Pakde, wato kawu.

Ka san dokar filaye ta 1960 ba ta ba baƙo damar riƙe hak milik, wato cikakkiyar mallakar fili. To abin da ban sani ba lokacin, ita ma matata, 'yar ƙasa haifaffiya, aurena ya ɗaure mata hannu, saboda mun yi aure ba mu rubuta yarjejeniyar raba dukiya ba, duk abin da ta saya ana lissafa ina da rabi a ciki. A lokacin kuma ba a yarda a yi yarjejeniyar bayan an ɗaura aure ba. Sai surukin nawa, yayan matata, ya ce abu mai sauƙi ne, a sa sunansa, ai duk gida ɗaya ne. Ya faɗa yana murmushi, hannu a ƙirji. Mutumin da muke sahu ɗaya da shi a masallaci, shi ke jan karatun Yasin na daren Juma'a a unguwarsu. Na ce to. Kuɗin da na tara shekaru ina ɗaukar kaya a kasuwar Tanah Abang ta Jakarta ina turawa gida, ina hawa bene ina sauka da dila a kafaɗa, na zuba masa a asusu. Ya ba ni rasit, ya manna meterai, kan sarkin gwamnati na rupiah 6,000, ya sa hannu a kai. Na ninke na sa cikin fasfo kamar na riƙe wani abin kirki.

Na gina gida. Ɗaki uku, rijiya, na shuka mangwaro biyu da zogale, don na ga suna da shi, kelor suke ce masa, ba su dai iya kwaɗonsa ba.

Shekara uku muna ciki. Wata ranar Talata da hantsi ina gyaran famfo, sai ga mutum biyu a kan babur da jaka, suna ɗaukar hoton gidana. Na tambaye su lafiya, suka tambaye ni ko ni ne mai haya. Mai haya! Ashe bawan Allahn nan tuni ya kai takardar filin jingina ya karɓi bashi, wai zai yi kiwon tarwaɗa, kifin ya mutu, wata bakwai bai biya ba. Ba wanda ya gaya min. Daga baya na gane rabin unguwar sun sani. Suna gaishe ni kullum, "monggo Pak", irin gaisuwarsu ta ladabi, suna sunkuyar da kai, ba wanda ya ja ni gefe.

Ranar da aka zauna a balai desa, zauren ƙauye, ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah. An jera kujerun roba, an kawo shayi mai zaƙi a kofin gilashi da dafaffiyar gyaɗa. Aka juya magana zuwa Jawanci, irin na girmamawa ɗin nan da ko matata sai ta nutsu take bi. Ina zaune kamar gunki, ana maganar gumina. Can na ji ta ja numfashi, na ce me ya ce? Ta ƙi faɗa. Na matsa. Ta ce wai ya ce kuɗin kyauta na ba dangi, sadaka ce ta suruki, shi kuma ya bar mu mu zauna a filinsa saboda zumunci. Ɗan'uwa, na ji ƙasa tana juyawa. Na zaro rasit ɗina, hannuna yana rawa, dagacin ya karɓa da hannu biyu, ya karanta, ya miƙo min da hannu biyu, ya ce "nggih". Na ɗauka ya yarda da ni. Sai daga baya na koyi cewa nggih ɗin Bajawe sau da yawa "na ji" kawai take nufi. Na ɗaga murya, kuma nan na yi kuskure, don a wurinsu wanda ya fara ihu shi ne mara gaskiya ko da an zalunce shi. Surukin nawa bai ɗaga kai ba, yana ta juya kofin shayi a kan faranti. Har yau idan na ji ƙarar kofi a kan faranti sai raina ya ɓaci. Surukata tsohuwa tana waje tana kuka, ba don ni ba, don kunyar an kai sunan gidansu gaban dagaci. Matata kuwa sati biyu ba ta iya haɗa ido da ni, alhali ba ta ci ko sisi ba.

Na je wurin lauya a Solo. Ya ce min in ma akwai takarda da ke cewa suruki yana riƙe maka ne, kada ka yi murna da ita, ita ce shaidar kun zagaye doka, kuma dokar ta ce irin wannan ciniki ɓatacce ne, filin yana iya komawa hannun gwamnati, kuɗin da ka biya ba ka da hurumin nema. Ka ji fa. Ƙarshenta ni na biya bashin tarwaɗar da ban ci ba, don kada a yi gwanjon gidan da 'ya'yana suke kwana. Na sayi gidana sau biyu.

Yanzu kai Allah ya taimake ka. Tun Oktoban 2016 kotun tsarin mulki ta yanke cewa ma'aurata suna iya yin yarjejeniyar raba dukiya ko bayan aure. Ku je wurin notaris, jami'in da ke rubuta yarjejeniya a hukumance, ku yi ta, a yi mata rajista, sannan a sayi filin da sunan matarka ita kanta. Ba yayanta ba, ba ƙaninta ba, ba liman ba. Mu ma abin da muka yi ke nan daga baya, na sake biyan haraji da kuɗin canja suna. Amma ka sani, in an yi haka filin nata ne, ba naka ba. In zuciyarka ba za ta ɗauki wannan ba, ka kama haya ka huta, hayar ƙauye ba ta da tsada.

Kuma ka tambaye shi wace takarda filin yake da ita. In ya ce girik ko Letter C, tsofaffin takardun ƙauye, ko ya nuna maka takardar harajin fili da gini ta PBB, wannan ba sertifikat ba ne, wato ba takardar mallaka ta gwamnati ba ce. Sau da yawa sunan kakan da ya rasu ne a littafin ƙauye, magada takwas, ɗaya yana aiki a Malesiya, ɗaya a Kalimantan, ranar da ka zuba harsashi za su bayyana. Kowane magaji sai ya sa hannu. A kai takardar ofishin BPN, hukumar filaye, a duba, ciniki a gaban PPAT, jami'in da ke rubuta takardar cinikin fili, kuɗi bayan sa hannu. Ka ce kusa da gonar shinkafa ne, to ka bincika ko shi kansa filin a rubuce gona ne, don ba kowace gona ake bari a yi gini a kai ba. Akwai kuma filin ƙauye, tanah kas desa, wanda ba na sayarwa ba ne ko waye ya ce maka.

Wani abu da ba ka tambaya ba. Ranar da ka sauka, kafin ka kwance jaka, je ka gaida Pak RT, mai unguwa, da kwafin KITAS, takardar izinin zamanka, da takardar aure, ka san allon nan nasu na baƙo ya kai rahoto cikin awa 24. Fasfonmu yana da nauyi a ƙasar nan. Mutanen ƙauye sun kalli labarin 'yan Najeriyar da aka harbe a tsibirin kurkuku na Nusakambangan a 2015 da 2016 kan ƙwaya, ba su san Kano ba, ba su san Legas ba. Ni ɗan sandan ƙauyen sau uku yana zuwa shan kofi a watan farko. Abin da ya wanke ni sallar asuba a langgar, ƙaramin masallacin unguwa, da fita kerja bakti, aikin gayya, ranar Lahadi da fartanya. In an yi mutuwa ka je tahlilan, zaman addu'ar mamaci, ka zauna, ko kana da ra'ayinka a kai ka bar shi a aljihu. Wani ɗan'uwanmu ya tsaya yi musu wa'azin bidi'a, bai yi wata shida ba ya tattara.

In za ka yi gini kada ka yi rowar rodi. Girgizar ƙasar 27 ga Mayu 2006 ta kashe fiye da mutum 5,000 a Bantul da Klaten, yawanci bangon bulo mara ƙarfe da rufin tayil ne suka danne su, tsofaffin unguwarmu har yau da ita suke lissafin shekaru. Da damina kuma sauron zazzaɓin dengi, ƙaramar 'yata ta kwana biyar a asibiti, ka auna nisan puskesmas, ƙaramin asibitin gwamnati, da babban asibiti kafin ka auna filin. Macizai ma suna shigowa daga gona, a riƙa duba takalmi.

Surukin nawa yana nan. Da Lebaran, wato ƙaramar Sallah, yakan zo ya kama hannuna da hannu biyu ya ce a yafe masa na zahiri da na baɗini, kamar yadda kowa ke faɗa wa kowa a ranar. Ko sau ɗaya bai ambaci kuɗin ba. Ina miƙa masa hannu saboda matata. Ka turo min hoton takardar filin ta akwatin sirri in duba maka, ka rufe sunayen in kana so. Kafin nan kada ka tura ko kuɗin kafin alƙalami.