Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Gwaggon Charley Ta Zaga Duniya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce da ke nazarin wasan kwaikwayo, kuma malaminmu ya ambaci wani tsohon wasan barkwanci na Turawan Ingila mai suna Charley's Aunt, wato Gwaggon Charley, ya ce da wuya a sami wasan ban dariya da aka yi a ƙasashen waje kamarsa. Ina roƙon a ba ni tarihinsa, a kuma bayyana mini yadda abin da ya bai wa mutanen zamanin Sarauniya Biktoriya dariya ya iya bai wa Bajamushe da Balarabe dariya, alhali mun saba jin cewa barkwanci ba ya tsallake iyakar harshe. Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Malaminku ya faɗi gaskiya, kuma tambayarki ta biyu ta fi ta farko nauyi, amma sai an san labarin wasan kafin a gane amsarta.

Wanda ya rubuta shi Brandon Thomas ne, ɗan wasa kuma marubuci haifaffen Liverpool, wanda ya rasu a 1914. An fara nuna wasan ranar 29 ga Fabrairu, 1892, a wani ƙaramin gari mai suna Bury St Edmunds, domin a gwada shi kafin a kai shi babban birni. A watan Disamba na shekarar aka buɗe shi a gidan wasa na Royalty da ke Landan, kuma da wurin ya yi wa 'yan kallo kaɗan, sai aka koma gidan wasa na Globe a Janairun 1893. A Landan kaɗai an yi shi sau 1,466 a jere, kusan shekara huɗu ke nan, adadin da babu wasan da ya taɓa kaiwa a birnin kafin nan. Wanda ya fara fitowa a matsayin gwaggon shi ne W. S. Penley, kuma dominsa aka rubuta wasan tun asali.

Labarin kuwa na wasu ɗalibai biyu ne a Jami'ar Oxford, Jack da Charley, waɗanda ke son gayyatar 'yan matansu cin abincin rana domin su bayyana musu abin da ke ransu. A al'adar wancan zamani budurwa 'yar mutunci ba ta shiga ɗakin saurayi sai da babbar mace a wurin, kamar dai yadda a wurinmu ba a rasa 'yar rakiya idan budurwa za ta fita zance. Sun dogara da zuwan gwaggon Charley, wata attajirar bazawara daga Barazil wadda shi kansa bai taɓa gani ba, sai ga saƙo cewa ba za ta iso a kan lokaci ba. Suka matsa wa abokinsu Babberley, mai sarautar Lord, wanda yake da kayan tsohuwa da zai sa a wasan ɗalibai, ya zama gwaggon. Daga nan lamari ya rikice: mahaifin Jack da waliyyin 'yan matan, kowanne da kwaɗayin dukiyar bazawara, suka shiga neman auren wannan tsohuwa ta ƙarya, sannan ga gwaggon gaskiya ta iso, ta ga wata tana amsa sunanta, ta ɓoye nata tana kallon ikon Allah.

Wasan bai daɗe a gida ba ya ƙetare teku. A watan Oktoba na 1893 aka buɗe shi a New York, inda Etienne Girardot ya sa zanen gwaggon. A shekarar dai aka yi shi da Jamusanci a Balin, Guido Thielscher ya yi suna da shi, sannan a 1894 Maurice Ordonneau ya mai da shi Faransanci aka nuna shi a gidan wasa na Cluny a birnin Paris. Wato tun ana cikin yinsa a Landan, ana yinsa da wasu harsuna a wasu manyan birane.

Yanzu ga amsar tambayarki ta biyu. Gaskiya ne cewa barkwancin da ya dogara da sarrafa kalmomi yakan mutu a hannun mai fassara, amma dariyar wannan wasa ba a baki take ba, a ido take. Mai kallo ya san tun farko cewa tsohuwar nan namiji ne, waɗanda ke kan dandamali kuwa ba su sani ba, kuma daga wannan tazara ake ɗebo dariyar daga farko har ƙarshe. Dubi wurin da aka zaunar da Babberley ya zuba wa baƙi shayi, aikin da bai iya ba, hankalinsa ya rabu, ya tsiyaya shayin cikin doguwar hular dattijon da ke neman aurensa. Ko kuma wurin da ya sami kansa shi kaɗai a falo, ya kunna sigari yana zuƙa cikin baƙar rigar tsofaffi, sai ga mai sunan ta gaskiya ta shigo. Ko kurma zai yi dariya a nan. Haka kuma 'yan matan suna rungumar gwaggo cikin ƙauna, samarinsu na tsaye suna cizon yatsa ba damar magana. A ganina akwai wani dalilin da ba a cika ambata ba, shi ne cewa waɗanda ake wa dariya na gaske dattawan nan ne biyu, musamman waliyyin 'yan matan, mai tsananin tsare mutunci a baki, wanda da jin ƙanshin kuɗi ya shiga bin tsohuwa da gudu a cikin lambu. Babu ƙasar da ba ta san irin wannan dattijo ba.

Abin da ya fi burge ni a tarihin wasan shi ne yadda kowace ƙasa ta yanka shi daidai wuyanta. Amurkawa sun mai da shi wasan waƙa a 1948, da kiɗan Frank Loesser, Ray Bolger ya ja ragama har sau 792, kuma a can Charley da kansa ne ya zama gwaggonsa, wanda ya sa dole ya riƙa fita yana sauya kaya domin ya bayyana a matsayin mutum biyu. A fim ɗin Jamus na 1956 Heinz Rühmann ya fito a matsayin jami'in diflomasiyya da ya sa kayan mata domin ya taimaki ƙanensa, babu Oxford babu ɗalibanta. Mutanen Denmak sun yi nasu a 1959 da Dirch Passer. A Masar an yi fim a 1960 inda Abdel Moneim Ibrahim ya zama gwaggon, a Indiya kuma Acharya Atre ya mai da shi harshen Marathi, Vijay Chavan ya shekara da shekaru yana yinsa a dandamali. Wanda ya fi nisa da asali shi ne na talabijin ɗin Tarayyar Sobiyet na 1975, wanda Alexander Kalyagin ya fito a ciki: sun cire wa Babberley sarautarsa, suka mai da shi talaka marar aiki marar wurin kwana da ya sa kayan mata yana guje wa 'yan sanda, har dariyar ta gauraya da tausayi.

TAMBAYA: Mu ƙungiyar wasan kwaikwayo ce ta matasa. Idan za mu gwada irin wannan wasa, me ya kamata mu kiyaye? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa, babban abin kiyayewa shi ne kada wanda ya sa kayan gwaggon ya yi ƙoƙarin zama mace ta sosai, da rangwaɗa da ƙanƙance murya. Penley ya fito ne cikin baƙar riga ta tsofaffi mai kamala, kuma abin dariyar shi ne saurayi ne da aka tilasta, wanda kullum yake neman hanyar tuɓewa ya gudu, takunsa da zamansa suna tona masa asiri. Na biyu, sauran 'yan wasa su ɗauki lamarin da gaske, domin da zarar dattijon da ke neman aure ya nuna ya san wasa ake yi, dariyar ta ƙare. Na uku shi ne sauri: ku maimaita shiga da fita har sai kowa ya san daƙiƙar da zai buɗe ƙofa, saboda a irin wannan wasa jinkirin numfashi ɗaya yana kashe fage guda.