Tambayoyin Masu Karatu: Shin Turawa Sun Ajiye Allurar Rigakafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni shugabar wata ƙaramar makarantar nazare da firamare ce mai zaman kanta a Argungu, kuma mun saba neman katin rigakafi lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai. A farkon zangon nan wani uba ya ƙi kawo katin 'yarsa, ya kunna mini wata murya da aka turo masa ta WhatsApp, inda ake cewa wata jiha a Amurka za ta soke dokar da ta wajabta allura kafin yaro ya shiga makaranta. Ya ce mini, "Malama, masu abin ma sun ajiye, ke ce za ki tilasta mana?" Shin maganar gaskiya ce? Kuma in karɓi yarinyar ko in mayar da ita gida? Daga wata shugabar makaranta, Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Muryar da aka kunna miki ba ƙarya ce zalla ba, sai dai an yanke mata kai da ƙafa. A watan Satumba na 2025 babban jami'in lafiya na jihar Fulorida, Joseph Ladapo, ya tsaya tare da gwamna Ron DeSantis ya bayyana niyyarsu ta janye wajabcin allurar rigakafi. Abin da mai muryar bai faɗa ba shi ne, ma'aikatar lafiyar jihar tana da ikon cire wasu allurai ne kawai da ƙa'idarta, irin su ta ƙarambau da ta ciwon hanta, amma na ƙyanda da shan inna da mashaƙo suna rubuce a cikin dokar jiha, wadda majalisa kaɗai ke iya taɓawa. Kuma ana jayayya ne a kan ko hukuma za ta tsaya a ƙofar makaranta tana duba kati; ba a rufe asibiti ko ɗaya ba, ba a kuma daina yi wa yara allura ba.

A Amurka kowace jiha ce ke tsara dokarta, kuma an daɗe ana barin ƙofar uzuri. Kowace jiha tana karɓar uzurin lafiya idan likita ya sa hannu, mafi yawansu suna karɓar uzurin addini, wasu kuma har na ra'ayin kai. Ƙofar nan ana buɗa ta ana rufewa gwargwadon abin da ya sami mutane. Kalifoniya ta soke duk wani uzuri da ba na lafiya ba a 2015, bayan ƙyanda ta ɓarke daga wurin shaƙatawa na Disneyland. Niyok ta soke uzurin addini a 2019, ita ma bayan ɓarkewar ƙyanda. Misisipi kuwa, wadda ta shekara da shekaru ba ta karɓar uzurin addini, ta fara karɓa a 2023 bisa umarnin kotu. Wanda ya ɗauki jiha guda daga cikin hamsin ya ce ga matsayin Turawa, bai yi wa labarin adalci ba.

Ga abin da nake so ki riƙe. Uban da ya nemi uzuri a can yana fakewa ne a inuwar sauran yaran ajin da aka yi wa allura. Ƙyanda ba ta da tsara wajen saurin yaɗuwa: mutum ɗaya yana iya sa wa mutum 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da kariya, kuma ƙwayar cutar tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Shi ya sa ake buƙatar kimanin yara 95 cikin 100 su sami allura kafin ta rasa hanyar bi. Inda inuwar ta yage, ko a can ɗin ma ba a tsira ba, domin a 2025 ƙyanda ta kama mutum sama da 700 a Tekzas, yara biyu da ba a yi wa allura ba suka rasu, alhali tun 2000 aka ayyana cewa Amurka ta kawar da cutar. To, ki dubi ajinki na nazare da rana tsaka a watan Maris, yara uku ko huɗu a benci guda, ana shan ruwa da moɗa ɗaya daga randa, sannan ki tambayi kanki inuwar wa wannan yarinya za ta fake a ciki.

Ba na ganin uban nan a matsayin jahili, kuma ina roƙonki kada ki nuna masa haka. Zarginsa yana da asali. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Amma mun kuma ga asarar da ƙin allura ya jawo: bayan da Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon shan inna a 2003, cutar ta tsallaka har Yaman da Indunusiya, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Sarakunan gargajiya ne suka ɗauki kaso mai yawa na wannan aiki, kuma ba sai na yi miki nisa ba, tun da Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, yana kan gaba a kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko. Idan kuma ya kawo maganar addini, hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana fita daga cikinsa, yana cikin Buhari da Muslim, kuma limamin unguwarsu zai fi ni da ke iya yi masa bayani.

Game da tambayarki ta biyu, ra'ayina shi ne ki karɓi yarinyar. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ɗora wa iyaye nauyin kammala wa yaro allurai tun yana ƙasa da shekara biyu, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta karatun firamare. A Amurka uban da aka tare a ƙofa yakan garzaya asibiti ne. A nan kuwa sau da yawa gida yarinya za ta koma, daga nan sai farantin talla, kin ga ta rasa karatu, allurar ma ba a yi ba.

Bayan kin karɓe ta, ki nemi ganawa da mahaifiyarta, domin sau da yawa katin yana nan a ƙasan akwati ko cikin kwalla, ko kuma an fara allurar aka tsaya a ta mako goma sha huɗu, ba a koma ta ƙyanda ta wata tara da ta wata goma sha biyar ba. Wanda ya tsaya a hanya ba sai ya koma farko ba, ɗorawa ake yi daga inda aka tsaya, kuma kyauta ne a asibitin gwamnati. Uzurin lafiya na gaskiya yana nan, amma kaɗan ne, kamar yaron da jikinsa ya yi mummunan tashi a allurar baya, ko wanda ake yi wa maganin daji, kuma likita ne zai rubuta. Mura ko ɗan zazzaɓi ba uzuri ba ne, mai sikila kuwa ya ma fi sauran yara buƙatar kariya.

Ki gayyaci jami'ar rigakafi ta asibitin unguwarku ranar taron iyaye da malamai, ta zo da akwatin sanyi da sababbin katuna. Idan yarinyar tana da ƙane ko ƙanwa a goye, ki shaida wa uwar cewa tun watan Disamba na 2024 aka fara allurar zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa, kuma daga wata biyar ake farawa.