Wata biyu a Istanbul cikin hunturu, ni da Hajiya: otal ko haya?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Marwa, ina sayar da kayan yara da takalma. Sau biyu na je Istanbul saro kaya, duk da damina, kuma ban taɓa wuce kwana goma ba. Bana zan koma a farkon Janairu tare da maiɗakina, za a duba mata gwiwa a wani asibiti a can, an ce mu shirya zaman kusan wata biyu. Tana da hawan jini, kuma in ban da Makka ba ta taɓa fita wata ƙasa ba. Abokaina sun ce sanyin garin ba wani abu ba ne, wai hunturunmu ne ya ɗan ɗara. Gaskiya ne? Haya za mu kama ko otal? Wane irin kaya za mu ɗinka?

Wani mai karatu daga Marwa

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa a je a sa'a. Na daɗe ina shirya wa 'yan kasuwar Garwa da Marwa da Kusiri tafiyar Turkiyya, hunturu uku ma a can na yi shi, saboda haka bari in fara da abokan nan naka. Ina kyautata zaton da damina suka je, kamar kai.

Abin da muke fama da shi a nan ɗari ne. Busasshe ne, yana tsattsaga diddige da leɓe, yana matsa wa mutum da Asuba, amma yana da kunya: hantsi na ɗagawa sai ya tattara ya tafi. Da dare ma'auni ya sauka wajen digiri 15, da rana ya haura 30, ka tuɓe rigar sanyi ka rataye. Na Istanbul jiƙaƙƙe ne kuma ba ya tafiya. A Janairu da Fabrairu rana tsaka ba ta cika wuce digiri 8 ko 9 ba, da dare a sauko 3 ko 4, wani lokaci ƙasa da sifili. Ruwan samansu ma a wannan lokacin yake zuba, yayyafi ne mai naci da zai wuni ya kwana. Garin kuma tsakanin teku biyu yake. Iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, wadda suke kira poyraz, ita ce mai shiga ƙashi. Ta kudu maso yamma, lodos, ta fi ɗumi, amma tana tayar da teku har a dakatar da jiragen fito. Ana iya yin kwana biyar ba a ga ƙwayar rana ba.

To mai kwana goma yana iya cije wannan. Wata biyu da mara lafiya kuwa, ɗakin da kuka sauka shi zai yanke muku hukunci, don haka a nan zan daɗe.

Shawarata, ku yi makon farko a otal kusa da asibitin, daga nan ka fita da ƙafarka ka duba gidan haya mai kayan ɗaki da wurin girki. Kada ka aika wa kowa kuɗi daga Marwa saboda hoton da ya turo maka ta WhatsApp. Hoto ba ya nuna sanyi. Ni na koyi wannan da jikina. Hunturuna na farko wani dillali ya sama mini ɗaki mai araha a gangaren Aksaray, ya ce hawan lambu ne. Ashe abin da suke nufi da wannan suna sau da yawa ɗaki ne da rabinsa ke cikin ƙasa, tagarsa daidai ƙafafun masu wucewa. Na'urar ɗumi guda ce ta lantarki, mai jan waya kamar garwashi, in ka fuskance ta gwiwarka ta gasu bayanka na rawar ɗari. Bango yana gumi. Na wanke kaftani ranar Litinin, har Alhamis yana ɗanye, a kwana na goma na ɗaga akwatina na tarar ƙasanta ta yi fumfuna baƙa. Tari na kwaso a ɗakin nan wanda bai sake ni ba sai da na dawo Garwa.

Don haka in ka shiga gida, kafin ka kalli kujeru, tambayi kombi. Wani akwati ne fari a bangon kicin ko baranda, yana aiki da iskar gas ta bututu, shi ke dafa ruwan da ke zagayawa cikin ƙarafan ɗumi da ke ƙarƙashin tagogi, shi ke ba da ruwan zafi na wanka da alwala. Ka sa a kunna a gabanka, ka zauna a sha shayi, bayan minti goma sha biyar ka bi ƙarafan ɗaki ɗaki ka dafa su da hannu. Ka leƙa bayan labule da bayan kabad ko akwai baƙin tabo. Sannan a rubuta a takarda wa zai biya kuɗin gas, domin da hunturu shi ne babban kashi, da kuma kuɗin hidimar bene na wata-wata da suke kira aidat. Gidan da aka ce maka bodrum ne, wato na ƙarƙashin ƙasa, ko kyauta ne ka yi godiya ka wuce.

Ga kuma gwiwar Hajiya. Istanbul gari ne na tuddai, tsofaffin benayen unguwar Fatih, inda Aksaray da Laleli suke, da yawa ba su da lif, matakalarsu kuma murɗaɗɗiya ce. Na san zuciyarka tana Laleli saboda kasuwa, amma ku zauna inda ya fi mata sauƙin zuwa asibiti, kai ka riƙa hawa jirgin ƙasa. Layin taragon T1 yana bi ta Zeytinburnu da Aksaray da Laleli har Eminönü, kati guda kuma, Istanbulkart, yana yi maka a tarago da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da na fito.

Akwai doka da ta fara aiki a farkon 2024: duk mai ba da hayar gida ta kwana 100 ko ƙasa da haka sai ya mallaki izini daga ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido, a liƙa allon shaida a ƙofa. Zamanku ya faɗa cikin wannan. Ka nemi ganin allon. Mai gidan da ya ce ku shiga shiru kada maƙwabta su sani, ran da rigima ta tashi ba ka da takardar nunawa.

Wata magana kuma da nake so ka karanta wa Hajiya da bakinka. A gida in ɗari ya matsa, kasko ake shigarwa ɗaki da garwashi, kuma na san matan Marwa da Njamena ba sa rabuwa da turaren wuta. Ɗakunanmu suna shaƙar iska ta ƙarƙashin ƙofa da rufi. Nasu a toshe suke ruf, tagogi gilashi biyu, an yi su don kada iska ta shiga. Gawayi a irin wannan ɗaki yana fitar da gubar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya ji ciwon kai da kasala ya kwanta, shi ke nan. Su kansu Turkawa duk sanda lodos za ta kaɗa sai an yi musu gargaɗi, saboda tana mayar da hayaƙin murhu cikin gida. Ta zo da kaskon turare na lantarki, bakin soket ɗinsu irin namu ne, zai shiga ba sai an nemi mahaɗi ba. A otal ma ta haƙura gaba ɗaya, na'urar jin hayaƙi za ta tara muku jama'a. Kada kuma a kunna murhun girki don ɗumama ɗaki.

Batun ɗinki, kada ka wahalar da tela. Shadda ado ce, ba ta riƙe ɗumi, babbar riga kuma gindinta zai sha ruwan titi kafin ka kai bakin layi. Abin da ke aiki shi ne saka kaya hawa-hawa: riga da wando masu kama jiki na ciki, waɗanda suke kira içlik, sai kaftaninka, sai suwaita, sai kwat mai hana ruwa. Da haka in ka shiga shago mai ɗumi ka rage, in ka fito ka mayar. Takalmi shi ne wanda mutanenmu suka fi rainawa, kai da kake sana'arsa ma na san da silifa ka yi zuwanka biyu. Rufaffe za ka nema, mai kaurin ƙasa, wanda ba ya shan ruwa kuma ba ya santsi, da safa mai kauri. Hula zanna ba ta rufe kunne, a ajiye ta don Juma'a. Hajiya kuwa lafaya ba za ta tare mata poyraz ba. Matan can suna da doguwar kwat har idon sawu, mai sutura sosai, ta ɗora a kan abayarta. Duk waɗannan a can za ku saya, sun fi kyau sun fi araha, Janairu ma lokacin karya farashin kayan sanyi ne. Daga gida kwat guda guda kawai kuke buƙata, ko a gwanjo ne, kuma a hannu za ku riƙe ta, kada ta shiga akwatin da za a auna. Na sha ganin Alhazai a ƙofar filin jirgi suna jiran mota cikin yadi mai shara-shara, haƙora na haɗuwa.

Agogo zai ruɗe ku a kwanakin farko. Suna gabanmu da awa biyu, kuma tun 2016 suka daina sauya agogo da hunturu, shi ya sa a farkon Janairu alfijir sai wajen bakwai saura, rana kuma ba ta fitowa sai kusan takwas da rabi. Magariba kafin shida. Tsakanin Azahar da La'asar awa biyu ne da 'yan mintoci, in ka shiga ciniki a Merter, unguwar masu sarin tufafi, sai ka ɗago ka ga lokaci ya tafi. Ka yi alwala daga gida da ruwan ɗumi. A kusa da manyan masallatai ana sayar da huffi na fata, suna kiransa mest, ka tambayi malaminku sharuɗɗan shafa a kansa kafin ku taso. Ranar Juma'a ka je da wuri, wanda ya makara a kan kwali yake salla a waje.

Maganin hawan jininta ku ɗauki na dukan zaman har da ƙari, tare da takardar likita mai ɗauke da asalin sunan maganin, da na'urar awo. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, awon yakan hau. In mura ta kama ta kada ka sayo maganin toshewar hanci kai tsaye, wasunsu suna ƙara hawan jini, a tambayi likitan da ke duba ta. Idan kuma ɗayanku ya yi zazzaɓi a makonnin farko, ku gaya wa likita daga ƙasar sauro kuka fito, a gwada maleriya. Likitan da ya wuni yana ganin masu mura ba lallai tunaninsa ya je can ba. Lambar gaggawa 112 ce. Da dare da ranar Lahadi akwai kantin magani mai jiran aiki a kowace unguwa, ana liƙa sunansa a ƙofar sauran.

Abin da ba ka tambaya ba, Alhaji, shi ne wunin Hajiya. Kai za ka fita kasuwa, kuma za ka ji daɗinta, don a wannan lokacin masu sari sun fara fito da kayan bazara, su ne daidai zafinmu. Ita kuwa da ta saba da tsakar gida, maƙwabta na shigowa, yau suna gobe biki, za ta wuni tsakanin bango huɗu, ba ta jin yaren talabijin, duhu ya rufa kafin shida. Na ga matan da suka zo da ciwon ƙafa, mako uku suka daina cin abinci saboda kewa. Ka saya mata layin waya nata da katin mota nata. Ka ware kwana biyu a mako ba kasuwa. In gwiwa ta yarda, ku shiga jirgin fito daga Eminönü zuwa Üsküdar, cikinsa da ɗumi, ana sayar da shayi, a zaune za ta ga gari. Ku ziyarci Eyüp, inda kabarin Sahabi Abu Ayyubal Ansari yake, da masallacin Sulaimaniyya da aka gama a 1557. Ta kuma zo da kukarta da daddawa da yaji, garin masara da busasshiyar kuɓewa akwai su a can. Tuwon da ta tuƙa da hannunta zai yi mata abin da miyar adas ta Turkawa ba za ta yi ba, ko da yake ita ma miyar, da safe da burodi mai zafi, ba ta da laifi. Kilishi dai a bar shi a gida, kwastan ba sa barin nama ya shiga.

Saura biza. Ka duba adadin kwanakin zama da aka rubuta a jikinta, ba ranar ƙarewarta kaɗai ba, domin wata kwana 30 ce, wata biyu ba zai shiga ciki ba. In haka ne ka nemi takardar asibitin ka gyara tun kana gida, wanda ya zarce kwanakinsa tara ce ke jiransa a filin jirgi, wani lokaci har da hana shi dawowa. Tikitin komowa kuma ka sayi wanda ake iya ɗagawa, ka bar ratar kwana huɗu ko biyar kafin bizar ta cika. Likita na iya ƙara mako, dusar ƙanƙara ma na iya tsare ku: a Janairun 2022 ta zuba har aka dakatar da tashin jirage a babban filin jirgin Istanbul, matafiya suka kwana a kan benci. In Allah ya dawo da ku lafiya a farkon Maris, zafi ya fara buɗe ido a Marwa, kwat ɗin nan a ninke su da kafur a ajiye. Baɗi wani daga layinku zai zo aro.