Tambayi Likita: Toka a Cibiyar Jariri, Makero da Mura

Tambaya: Likita, ni ɗan aji biyu ne a babbar sakandare. Malaminmu na bayoloji ya ce akwai ƙananan halittu masu amfani. Ashe ba duka ke kawo cuta ba? Daga wani ɗalibi a Azare.

Amsa: Malaminka ya yi gaskiya, ɗana. Kindirmon da ake dama maka fura da shi, bakteriya ce ta daskarar da shi. Ita ce kuma ke mayar da kalwa daddawa. Masu sa cuta 'yan kaɗan ne a cikinsu.

Tambaya: Duk lokacin hunturu sai mura ta kama ni. Nakan sayi Ampiclox a kemis, amma ba ta tafiya da wuri. Daga wani magidanci a Katsina.

Amsa: Mura bairos ke kawo ta, wata ƙwayar cuta dabam da bakteriya, Ampiclox kuwa bakteriya yake kashewa. Asarar kuɗi kake yi, Malam, kana kuma koya wa bakteriyar jikinka jure magani. Sha ruwa da yawa, ka huta. In zazzaɓi ya wuce kwana 3 ko numfashi ya yi wuya, je asibiti.

Tambaya: Yarona na da makero, an ce in shafa masa man birki. Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Kan yaro ne fa, ba ƙafar mota ba! Makero fangas ne, wato ƙwayar cuta dangin funfuna, makeron kai kuma sai da maganin sha na makonni. Kai shi asibiti, ki ware masa matajinsa, kada a yi masa aski da askar kowa.

Tambaya: Na haihu kwana 4 ke nan, a gida. Surukata tana gasa cibiyar jaririn, tana barbaɗa toka da busasshen kashin shanu, wai ta fi saurin faɗuwa. Ina jin nauyin yi mata magana. Daga wata mai jego a Gusau.

Amsa: 'Yata, barka da arziki. Amma a daina wannan yau, ba gobe ba.

Akwai wata bakteriya da ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, ita ke kawo cutar sarƙe haƙora, wato tetanus. Takan lulluɓe kanta da ɓawo mai tauri, ta yi shekaru a busasshen kashi ba ta mutu ba, don haka shanya shi a rana ba ya tsarkake shi. Abin da take so shi ne rauni a rufe, inda iska ba ta shiga. Ɗanyar cibiya da aka toshe da toka ɗaki ne aka share mata. Daga nan take sakin dafin da ke kama jijiyoyi.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne jariri yakan kama nono lafiya lau da farko. Sai wajen ranar suna, ana shirin yanka rago, ya ƙi tsotsa. Bakinsa ya ƙi buɗuwa, hannuwa su dunƙule, baya ya lanƙwashe kamar baka, ƙarar rufe ƙofa ma ta sa ya sandare. Sai a ce iska ce ko mayu, a kawo turaren hayaƙi, ana ɗura masa rubutu ta bakin da ba ya iya haɗiya. Mafi yawan jariran da aka bari a gida da wannan ciwo ba sa tashi. Wallahi abin na ƙona min rai, domin ciwo ne da ake iya karewa da abu kaɗan.

Na san Hajiya jikanta take so, haka ta ga an yi mata. Kada ki yi jayayya da ita, kunyar suruka gaskiya ce. Ki nuna wa maigidanki wannan amsa, shi ya lallashi mahaifiyarsa, ko ku tafi da ita asibiti ta ji daga bakin nas.

Ku kai jaririn asibiti yau a wanke cibiyar a duba ta. Ku gaya musu da me aka yanke ta, ko sabuwar reza ce, da kuma ko kin samu allurar tetanus sau 2 lokacin awo. Za su ba ki man chlorhexidine na cibiya. Shi kaɗai za ki shafa, da wankakken hannu: ba toka, ba man goge baki, ba man shanu. Cibiya za ta faɗi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu.

In kin ga ya rage tsotsa, ko jikinsa ya yi zafi, ko cibiyar ta yi ja tana wari, kada ku jira gari ya waye. Ko tsakar dare ne, a nemi mai babur.