Tsohuwar laftof: a gyara ta ko a sayi wata?

Malam, ka ce laftof ɗinka ta shekara takwas, tana nauyi, kuma da ita kake cike wa ɗalibai fom a Ringim, shin ka gyara ko ka canza?

Ni dai kafin ka taɓa kuɗin sabuwa, duba abin da ke cikinta. Yawanci ba tsufa ba ne, faifan ajiya ne. Tawa sai na haɗa shayi na dawo ba ta gama buɗewa ba. Da na cire HDD (tsohon faifai mai juyawa) na sa SSD (sabon faifai mai sauri), na ƙara RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) daga 4GB zuwa 8GB, sai ka ce ba ita ba. A buɗe ta kuma a kakkaɓe fanka, ƙurar hunturu kaɗai tana sa ta zafi har ta mutu.

Amma fa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana son TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta) da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin Intel ƙirar zamani na 8 zuwa sama. In taka ba ta kai nan ba, ga batir ya mutu, kada ka zuba mata kuɗi.

Kar ka sayi RAM da ka, iri-iri ce: wata DDR3 ce, wata DDR4, wata ma a manne take. Kai ta wurin mai gyara a Kano ya duba, amma ka kwafe takardun mutane a filas tukuna.