Amsa ga Mai Tambaya kan Zuba Tokar Mamaci a Kogi a Ingila

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce mahaifin maƙwabcinka, mabiyin addinin Hindu, ya rasu an ƙone gawarsa bisa al'adarsu, iyalan kuma sun roƙe ka ka bincika musu ko doka ta yarda a zuba tokar a kogi. Na daɗe a Leicester, inda Indiyawa suke da yawa, kuma na taɓa kai wani abokin aikina bakin ruwa a motata don wannan hidima.

A Ingila ba a buƙatar lasisi kafin a zuba toka a kogi, amma hukumar kula da muhalli ta gindaya sharuɗɗa. Mafi nauyi a cikinsu shi ne wurin ya kasance ya fi kilomita 1 nisa daga inda ake ɗibar ruwa idan ruwan can yake gangarawa, sannan a kauce wa gidaje, matsayar jiragen ruwa, masu kamun kifi da masu wanka. Gaɓar kogin kuwa galibi tana da mai ita, don haka sai an nemi izininsa idan daga tudu za a tsaya. Wannan ne ya sa iyalai da dama suke hayar ƙaramin jirgi a ƙauyen Barrow upon Soar da ke kusa da Leicester, a kan kogin Soar, inda mabiya Hindu da Sikh suka saba zuwa.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma takarda ba ta koya wa mutum, shi ne iska. Tokar babban mutum takan kai kilo 2 zuwa 3, kuma ba irin ta murhu ba ce, ƙashi ne da aka niƙa: wani sashe kamar tsakuwa yake nutsewa nan take, wani kuwa gari ne mai tashi. Ranar da muka je, ɗan mamacin ya miƙe tsaye ya tuntsurar da tulun daga sama, iska ta mayar da garin a kan tufafin mahaifiyarsa, har yau ban manta da kukan da baiwar Allar nan ta yi ba. Ka gaya musu su zaɓi ranar da iska ta kwanta, su ba ta baya, mai zubawa ya durƙusa har bakin tulun ya kusa taɓa ruwa, wani kuma ya riƙe shi ta baya, domin gaɓa tana da santsi kuma ruwan ƙasar nan sanyinsa yana sandarar da jiki. Akwai tulun da yake narkewa a ruwa, shi ya fi sauƙi ga tsofaffi.

Kada a jefa leda, hoto, tsumma ko furen da aka ɗaure da waya. Ganyen fure tsinkakke ya wadatar.

Idan kuma sun fi son kai tokar kogin Ganga a Indiya, a garin Haridwar ko Baranasi, su riƙe takardar shaidar mutuwa da ta ƙona gawa, su tuntuɓi kamfanin jirgin sama da ofishin jakadancin Indiya tun kafin su yanki tikiti. Batun ko ya halatta kai Musulmi ka halarci wurin, wannan ka kai shi gaban malamin da ka amince da shi. Ni dai na tsaya a bakin mota na jira su, na mayar da su gida bayan sun gama.